Tsagar da Ba a Gani

Bayan isha'i, a fadamar Kwalkwalawa,
na tsuguna da tocila a bakin kunyar albasa
ina zura kara cikin ramin gyare.
Ya fito a fusace, ƙafafu duk laka.
Na jefa shi kwalba, na rubuta: goma sha bakwai.

Baba Arzika, mai gadin injin ban-ruwa,
ya daɗe yana kallona daga kan buhun taki.
"Ɗiyata, karatun naku har ya kai ga gyare?
Mu da gishiri munka san shi."

Na ce, iri biyu nake zato a nan, Baba,
amma ido ya ƙi raba min su.
Na auna fiffike, na ƙirga ƙayar ƙafa,
kwana uku ina sunkuye kan madubi
har wuyana ya sage.
Baƙinsu ɗaya, ƙashinsu ɗaya.

Ya ce, "Kashe wutag ga."
Muka yi tsit. Rima na tafiyarta a duhu.
"Wancan na tudu na. Kukanai a gaggauce,
kamar mai bin bashi.
Wanga na laka, shina ja, shina hutawa,
ba shi da inda za shi."
Ni ban ji komai ba
sai dare yana ƙara a kunnena.

A ɗakin bincike, can hanyar Dundaye,
cinya guda nake cira daga kowanne,
in niƙa, in tace, in ɗiga a ƴan bututai
da ba su kai ɗan yatsan jariri ba.
Injin ya dumama, ya sanyaya, sau talatin da biyar,
yana kwafar gutsuren rubutun gado
har abin da ba a gani ya taru ya yi yawa.
Sau biyu aka ɗauke wuta.
Malam Tambari ya tayar da janareto
da man da muka yi karo-karo.

Na zuba su a faranti mai kama da kwantaccen koko,
lantarki ya ja su a hankali,
gajeru a gaba, dogaye suna bin baya.
Da na kunna shuɗiyar fitila
sai ga layuka sun fito, sirara, masu haske,
kamar aikin wanzami a kuncin jinjiri.
Na tudu, zane ɗaya a sama.
Na laka, zane ɗaya can ƙasa.
Kama da wane ba ta wane.
Tsohon ya riga injin da shekara arba'in.

Sai na goma sha bakwai.
Zane biyu gare shi, na sama da na ƙasa.
Na ce hannuna ne ya gurɓata,
na wanke komai, na sake, na kuma sakewa.
Biyu dai.

Ran Laraba na koma da hoton a waya.
Ya riƙe ta nesa da ido, ya daɗe,
sannan ya kai yatsa kuncinsa
inda tsagar Kabawa ta dushe cikin furfura.
"Wagga ta ubana ta," in ji shi.
"Innata Bazamfara ta, ba a yi man tata ba.
Ashe tana ciki."
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Da ya lafa ya miƙo min wayar.
"To shi wanga mai zane biyu,
wane kuka shika yi?"

Na dubi kwalbar da ke jakata.
Tun daren farko ya nutse a ruwan adana,
ban tsaya na saurare shi ba.

Na kashe tocilar da kaina.
Na zauna a gefen buhun.